Matar Da Ta Yi Amshi

"Babanki ya ce a'a."

Gwaggo ta yar da maganar tun daga ƙofar shagon ɗinki, ko sallamarta ba a gama amsawa ba. Auta na durƙushe gaban wata amarya, fil uku a bakinta, tana kama mata gefen riga. Ta zare su ɗaya bayan ɗaya don kar ta haɗiye.

"A'a kamar yaya, Gwaggo? Ba jiya Injiniya ya je gaishe shi ba?"

"A'a irin wadda kika sani. Ya ce ko maza sun ƙare a duniya ba zai haɗa jini da ɗan mawaƙin nan ba."

Gwaggo ta gyara mayafi, ta ɓata rai kamar abin bai yi mata daɗi ba. Ya yi mata daɗi har cikin ƙashi. Ita ce yayar Baba, ita ta raini Auta tun da mahaifiyarta ta rasu ta bar ta da shekara biyu, kuma tun Auta ba ta iya ɗaura ɗankwali ba take yi wa ɗanta Mai Kemis tanadinta.

"Ga ɗan'uwanki Mai Kemis nan, shekara nawa yana jira? Ashirin da bakwai fa gare ki, Auta. Ƙannen bayanki kike ɗinka wa kayan aure."

Amaryar ta sunkuyar da kai, ta yi kamar ba ta zo da kunne ba. Sai wayarta ta tona mata asiri, ta ɗauki kiɗa daga cikin jaka.

*In na yi nisa a hanya, kar ki rufe taga...*

Wata siririyar muryar mace ta amsa a hankali: *Ban rufe ba.*

Gwaggo ta ja tsaki. "Ke, kashe mana wannan shirmen!"

Waƙar nan ta girmi amaryar nesa ba kusa ba. Shekararta ashirin da bakwai da fitowa. Mawaƙin da kansa ya yi shekara goma a ƙasa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa Mai Taga yake ce masa. Amma waƙar ta ƙi tsufa. Ba a biki ba a sa ta ba. Direbobi na rubuta "Ban Rufe Ba" a bayan mota. In saurayi ya yi laifi ba ya wahalar da kansa da dogon ban haƙuri, "Kin rufe?" kawai zai aika, ya zauna ya zuba wa waya ido. Yaran mawaƙa sun sake rera ta ya fi sau goma da sababbin kayan kiɗa, babu wadda ta yi wata guda a kunnen mutane. Kowa tsohuwar yake komawa, saboda muryar matar nan.

Kalma uku kawai take faɗi, sau tara a cikin waƙar, kuma ba wanda ya san ko wace ce. Ba sunanta a jikin kaset, ba hotonta. Wasu su ce ta mutu a ranar da aka ɗauki waƙar, wasu su rantse aljana ce. A baiti na biyu ma akwai wani ɗan sauti da ke wucewa kamar walƙiya, wanda masu gardama suka yi shekaru suna ɗaga jijiyar wuya a kansa. Wannan ya ce kyanwa ce, wancan ya ce ƙarar ƙyaure ce.

Gida ɗaya ne waƙar ba ta shiga, gidan su Auta. Da Baba ya ji kiɗan farko zai kashe rediyo. Ya sha sauka daga tasi a tsakiyar hanya ya ƙarasa da ƙafa. Auta ta ɗauka tsantseni ne irin na tsohon ma'aikacin gidan waya. Ita kuwa tun tana yarinya, in muryar nan ta ce ban rufe ba, tsigar jikinta take tashi, ta ji kamar wani ya tsaya a bayanta yana kallon ƙeyarta. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ta sallami amaryar, ta raka Gwaggo bakin titi, ta ja ƙofar shago ta kulle da tsakar rana.

* * *

Tana cikin tasi saƙon Mai Kemis ya shigo. Labari ya riga ta isa. Waƙar ya turo mata, a ƙasa ya rubuta, "Kin rufe?" Bawan Allah, bai taɓa ƙirƙiro kalmar soyayya tasa ta kansa ba, duk abin da zai faɗa sai wanda ya ji a rediyo. Ta kifa wayar a cinya.

Shagon Injiniya na ƙarshen layin masu gyara. Rediyoyi ne jere a kanta, cikinsu a buɗe, ga warin dalma, ga tsofaffin kaset cike da kwali waɗanda mutane ke kawowa ya juye musu a waya. Shi ne ɗan Mai Taga tilo, amma in ya buɗe baki zai yi waƙa har Auta roƙonsa take ya rufa wa marigayi asiri. Abin da ya gada kunne ne. Yana jin ciwon rediyo tun kafin ya kwance ta.

Yana ganinta ya miƙe, idonsa ja kamar bai runtsa ba.

"Me ka yi wa Baba?" ta ce.

"Wallahi Auta gaisuwa na je yi. Da farko komai lafiya. Har ruwa ya sa aka kawo mana ni da Kawu. Ya tambaye ni sana'a, sai na ce bari in nuna masa ni ba zaman kashe wando nake ba."

"Sai ka yi me?"

Ya nuna mata wata tsohuwar na'ura a kan tebur. A jikinta akwai faifan zaren ɗaukar murya irin na da, mai faɗin faranti.

"Wancan watan na buɗe akwatin mahaifina na samu wannan. Shi ne ainihin zaren da aka ɗauki waƙar a kansa. Duk ya yi fumfuna, sati uku ina goge shi da auduga. Gidan rediyo na son su yi shiri a kan waƙar, suna neman matar da ta yi amshi. Sai na danne kiɗan, na danne muryar mahaifina, na bar tata ita kaɗai. Har numfashinta ana ji. Aiki ne da ban taɓa yin mai kyansa ba, Auta. Shi na kunna wa Baba a waya."

"Ka kunna wa Baba waƙar taga? A falonsa?"

"Ai ba ki taɓa ce min ba ya so ba."

Gaskiyarsa ce. Ta ɓoye masa, don ta ji kunyar ta ce wa mutum ubana ba ya ƙaunar waƙar ubanka.

"Sau ɗaya ta ce ban rufe ba," in ji Injiniya, "sai na ga Baba ya miƙe. Ya yi fatali da kofin ruwa bai ma sani ba. Ya shige ciki ba takalmi. Muka yi awa guda a zaune, bai fito ba."

Auta ta ja kujera ta zauna.

"Kunna min."

"Wanda na gyara?"

"A'a. Zaren. Tun daga farko."

Ya sa mata abin saurare a kunne, ya murɗa wani maɓalli. Faifan ya fara juyawa.

Da farko shuuu kawai take ji, kamar ruwan sama daga nesa. Sai jan kujera. Wani yana gwada kiɗa. Sai muryar Mai Taga, ba ta waƙa ba, ta magana, yana cewa, "Mai amshinmu ta ƙi zuwa. Maƙwabciya, ki taimaka mana don Allah, kalma uku ce kawai."

Sai wata mace ta yi dariya.

"Ni fa ban iya waƙa ba. To ku yi sauri, na bar tukunya a wuta, kuma maigidan bai san na fito ba."

Muryar ce. Ita ce dai, amma yau tana da dariya, tana da gaggawa, tana da tukunya a wuta. Aljanar mutane ashe matar gida ce.

Wani jariri ya yi ɗan ƙorafi, kusa ƙwarai, kamar a bayanta yake goye. Aka ji tana jijjiga shi.

"Shiii. Yi shiru, Ƙanƙara. Yi shiru uwata, yanzu za mu koma gida."

Auta ta fizge abin daga kunnenta kamar ya ƙone ta.

Ranar da aka haife ta an yi ruwa da ƙanƙara har ya fasa kwanon ɗakin haihuwa, shi ya sa mahaifiyarta ta laƙaba mata sunan. Mutum uku ne a duniya suka san shi: ita, da Gwaggo, da Baba, wanda yakan kira ta da shi in zazzaɓi ya kwantar da ita.

"Auta? Lafiya? Auta!"

"Ba kyanwa ba ce," ta ce. "Abin da ake ji a baiti na biyu. Ba ƙyaure ba ne. Ni ce."

Ya zuba mata ido.

"Ni ce Ƙanƙara. Mamana ce wannan."

Hoto ɗaya take da shi na mahaifiyarta, shi ma ya koɗe har fuskar ta zama kamar hayaƙi. Ta girma tana kukan ba ta san muryar uwarta ba. Ashe kullum tana jin ta, a tasi, a kasuwa, a jakar kowace amarya da ta zo awo. Shekara ashirin da biyar matar na yi mata magana ta kowace kusurwa, ita kuwa tana cewa a rage ƙara tana aiki.

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ya fita da sauti.

Injiniya ya dafe kai da hannu biyu. Can ya ɗago a firgice kamar wanda ya tuna wani abu.

"Auta, akwai saura. Da suka gama waƙar ba su kashe na'urar nan take ba. Ki daure ki ji ƙarshen."

"Ba yau ba." Ta miƙe tana laluben jakarta. "Zuciyata ba za ta ɗauka ba. Wajen Baba za ni."

"Minti ɗaya ne, don Allah..."

Ta riga ta fita.

* * *

Ta sami Baba a falo bayan la'asar, a kujerarsa ta kullum, rediyonsa a cinya a kashe. Gwaggo na tsakar gida tana fifita gawayi a murhu za ta ɗora ruwan zafi. Auta ta durƙusa a gabansa.

"Baba, na ji ta."

Bai tambaye ta wa ba. Ya ajiye rediyon a ƙasa a hankali.

"Shi ya kunna miki?"

"Ni na roƙe shi ya sa min zaren asali, har da maganarta a ciki. Baba, me ya sa? Ina tambayarka yaya muryarta take, kana ce min ka manta. Ashe ko'ina tana nan."

"Da na manta da na huta," in ji Baba.

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Da ya fara magana, muryarsa ba ta ɗaga ba ko kaɗan, kamar yana karanta wasiƙar wani.

"Gidanmu na farko katanga ɗaya ce tsakaninmu da mutumin nan. Ban san ta shiga ba. Bayan wata biyu ina wajen aiki ina buga wa wasiƙu hatimi, aka sa waƙar a rediyo. Abokan aikina suna ta lumshe ido, wani yana cewa kai, duk mijin wannan ya ji daɗinsa, wani ya ce ai wannan ba mijinta take yi wa ba, ji yadda take narke wa mawaƙin. Suna dariya. Ni kuwa hatimin yana hannuna na kasa sauke shi."

"Sai ka tambaye ta?"

"Kafin in isa gida Gwaggonki ta tare ni a hanya, ita ma ta ji. Ta faɗa min abin da mutane za su ce in suka gane. Na shiga gida jinina na tafasa. Uwarki ta tare ni a ƙofa tana murmushi. Murmushi, Auta! Ta ce min, ka ji? Na ga kamar ba ta ma san kunya ba. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ɗaga mata hannu na ce kar in sake jin muryarta."

Hawaye na bin fuskar Auta, ba ta share ba.

"Ban dake ta ba. Ban sake ta ba. Shiru na yi mata. Na kwashe mu daga unguwar, na sa mutumin ya rantse ba zai taɓa faɗin sunanta ba. Ta kawo abinci in ci, ta ce sannu da zuwa in wuce. Sau uku tana tare ni za ta yi bayani, ina barin ɗakin. Daga nan ba ta ƙara ba. Kullum ina cewa gobe zan sauko, bari dai ta ƙara jin jiki. Shekara ɗaya da rabi ina cewa gobe."

Ya shafa fuskarsa, ya ci gaba.

"Ciwon kwana huɗu ta yi. Ranar na huɗun na dawo daga aiki da niyyar in zauna kusa da ita in ce mata yaya jiki. Na tarar an rufe ta da zani."

"Baba..."

"Tun daga ranar ba ta bar ni ba. In shiga tasi tana ciki. In je asibiti tana wayar mai gadi. In je ɗaurin auren ɗan aboki, sai ta fito ta lasifika ta ce min ba ta rufe ba, a gaban mutum ɗari, suna tafi. Shekara ashirin da biyar ina gudu, gidan nan kaɗai ya rage min. Sai ga yaron nan ya shigo da ita har falona, ba kiɗa, ba komai, ita kaɗai, tana numfashi." Muryarsa ta karye a nan. "Kuma ki ce in ba shi ke? A sa ta a bikinki? Jikokina su taso suna rera min ita? Gidan rediyo su kira sunanta duniya ta ji?"

"Bai sani ba, Baba. Wallahi bai sani ba. Ba shi ya yi waƙar ba, ko rarrafe bai fara ba lokacin. Ni kuma ina son sa. Ban taɓa faɗa maka haka da bakina ba, yau na faɗa. In ka hana ni shi zan haƙura, amma ba zan auri kowa ba."

"Ji min rashin kunya!" Gwaggo ce daga ƙofa, mafici a hannu. Ashe duk tana ji. "Ai ga irinta nan. Abin a jini yake."

"Yaya, ya isa," in ji Baba, bai ko kalle ta ba. Ya dubi Auta, ya daɗe yana dubanta. "Kira shi. Yanzu, a gabana. Ki ce ya zo da zaren nan da duk inda ya juye shi. Wadda ke yawo a gari ta fi ƙarfina, amma wannan da take magana a ciki, wannan ba za ta shiga kunnen kowa ba. A ƙone shi a gidan nan ina gani. In ya yarda, na ba shi ke."

Auta ta ɗago kai ta dube shi.

"Baba, nan kaɗai take dariya. Nan kaɗai ta kira sunana."

"Na sani. Ki zaɓa."

* * *

Kafin rana ta yi ja Injiniya ya iso, faifan a cikin kwalinsa a ƙirji, kwamfutarsa a hammata. Ya durƙusa a tsakar gida. A gaban Baba ya goge na cikin waya, ya goge na kwamfuta, ya rantse babu wani a ko'ina. Gwaggo na tsaye ta harɗe hannu, tana jiran ya yi gardama ta samu abin kai wa Mai Kemis.

"Baba," ya ce, kansa a ƙasa, "kafin a ƙone, akwai abin da ya kamata ka ji. A ƙarshen zaren..."

"Ka ƙara kalma ɗaya a kan abin da ke cikinsa," in ji Baba, "ka tashi ka fita, maganar aure ta mutu."

Injiniya ya buɗe baki. Ya kalli Auta. Ya rufe.

Ta san yana son ta, amma sai a lokacin ta ga girman son, da kuma tsoron da ke cikinsa.

Ya miƙo mata kwalin da hannu biyu.

"Zaren na mahaifina ne, na yafe shi. Amma muryar ciki taki ce, Auta. Ba zan sa shi a wuta da hannuna ba. Sai abin da kika ce."

Ta karɓa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ta yi mamakin yadda uwa guda za ta shiga cikin abu marar nauyi haka. Sau ɗaya ta ji ta, minti ɗaya bai cika ba, kuma tun yanzu ta fara kokawa da kanta don ta riƙe yadda dariyar take.

Ta kalli Baba. Tsoho ne, yau ta fara ganin haka. Kafaɗunsa sun zube, idonsa na kan kwalin kamar wanda ke kallon maciji. Ta kalli Injiniya a durƙushe. Mamanta ta tafi, waɗannan biyun su ne a raye.

"Ki yafe min, Mama," ta ce can ƙasan maƙoshi.

Ta sauke tukunyar ruwan daga murhu, ta zare faifan daga kwali, ta ɗora shi a kan garwashi.

Da farko bai yi komai ba. Sai gefensa ya fara lanƙwashewa. Zaren ya tattare, ya yi baƙi, wani hayaƙi mai ɗaci ya tashi, wuta ta kama shi da shuɗin harshe. Auta ta toshe baki da mayafi.

Baba ya sauke numfashi mai tsawo.

"Na ba ka ita," ya ce. "Ka turo manyanka."

Ba wanda ya yi murna. Gwaggo kuwa, da ta ga tanadin shekara ashirin ya bi hayaƙi, baƙin ciki ya shaƙe ta, ta rasa inda za ta sauke shi.

"To Allah ya sa a dace," ta ce. "Gara dai da aka ƙone. Matar aure da goyo a baya, ta tsallaka gidan wani ƙato tana yi masa kashe murya. Wa zai so a ji wannan abin kunyar?"

"Ba shi take yi wa ba!"

Injiniya ne. Ya miƙe tsaye, hawaye na zuba ba ya ko ɓoyewa.

"Baba, ka kore ni in ka ga dama. Ka janye auren. Na yi shiru don kar in rasa ta, kuma na yi laifi da na yi shirun. Amma ba za a zagi baiwar Allah nan a gaban 'yarta ina ji ba. Na saurari zaren nan ya fi sau ɗari, na haddace shi."

Baba bai hana shi ba. Bai ma motsa ba.

"Da suka gama waƙar, mahaifina ya ce mata, kai maƙwabciya, wannan amshi kamar da gaske, wa kike gani a gabanki? Sai ta yi dariya ta ce, wa nake da shi in ba baban Ƙanƙara ba? Kullum sai ya yi yamma a gidan waya, ni kuwa ina jikin taga ina leƙen hanya."

Maficin Gwaggo ya faɗi ƙasa.

"Sannan ta ce, don Allah kar wanda ya faɗa masa. In ta fito a rediyo, so nake in gani ko zai gane muryata."

Robar faifan na ta ƙara tana narkewa a murhu.

Auta ta juya ta kalli Baba. Ta san me yake gani: ƙofar gida, da mace a tsaye da murmushi tana cewa, ka ji?

"Baba!" ta ƙwala. "Baba, a'a!"

Ya riga ya kai. Tsohon da ba ya tashi daga kujera sai ya dafa gwiwa, tsalle ɗaya ya yi ya zube gaban murhun, ya cusa hannu biyu cikin garwashi. Injiniya ya riƙo shi ta baya, Auta ta kama kafaɗarsa, Gwaggo na salati tana watsa ruwa, amma bai saki ba sai da ya fito da faifan.

Ba abin da ya rage. Wani baƙin dunƙule ne kawai mai hayaƙi, ya manne masa a tafin hannu.

Bai ji zafin ba. Ya ɗaga dunƙulen ya kai kusa da bakinsa, kamar mai raɗa wa marar lafiya magana a kunne.

"Na gane," ya ce. "Wallahi na gane ki. Tun kalmar farko na gane."